Django: ranar rajista ta tsaya cak, kuma fom ya ƙi cike gurbin da aka goge

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina gina wa wata makarantar Islamiyya manhajar rajistar ɗalibai da Django, tsarin gina manhajar yanar gizo na yaren Python. A model na rubuta `default=timezone.now()` don ranar rajista. A kwamfutata komai lafiya lau, amma da na ɗora a kan sabar sai duk ɗaliban da aka shigar suka riƙa ɗaukar rana ɗaya. Na biyu, na sa `initial=5000` a gurbin kuɗin rajista, amma idan magatakarda ya goge gurbin ya aika, sai fom ya ƙi karɓa maimakon ya sa 5000 ɗin. Na uku, ina so sunan ma'aikacin da ya shigar da ɗalibi ya shiga da kansa. A ina ya kamata in rubuta waɗannan abubuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Sannu da ƙoƙari ɗan'uwa, Allah ya sa wa aikin albarka. Matsalolinka ukun nan tushensu ɗaya ne. Duk lokacin da za ka cike wa mutum gurbi tun bai ce komai ba, ka fara tambayar kanka: wa zai ba da wannan amsar, kuma yaushe? A Django masu ba da ita uku ne, kowa da lokacinsa. Akwai model, wato kod ɗin da yake fasalta guraben bayanan ɗalibi, wanda yake cikewa sa'ad da ake ƙirƙirar sabon ɗalibi a cikin Python. Akwai fom, wanda yake cikewa sa'ad da ake zana shafi don a nuna wa magatakarda. Akwai kuma rumbun bayanai, wanda yake cikewa sa'ad da ake zuba sabon layi a tebur. Kai ka ba kowannensu aikin ɗan'uwansa ne, shi ya sa abin ya rikice.

Bari mu fara da ranar, don ita ce take yi maka ɓarna a yanzu haka da nake wannan rubutu. Laifin duk na baka biyun nan `()` ne da ka sa a ƙarshen `now`. Python tana karanta fayil ɗin `models.py` sau ɗaya tak, lokacin da manhajar take tashi. Da ta iso kan `timezone.now()` sai ta duba agogo nan take, ta ɗauki abin da ta gani, ta miƙa wa `default` ta wuce abinta. Daga nan ba ta sake duba agogon ba. Idan ranar Litinin da hantsi ka tayar da sabar, to Litinin da hantsi ce ranar kowa har sai an sake tayar da ita, ko da an kai Juma'a. A kwamfutarka ba ka ga haka ba saboda `runserver` yana sake tashi duk sanda ka gyara fayil ka adana, kai kuwa ga shi kana ta gyare-gyare, agogon yana ta sabuntuwa ba ka sani ba. A can kan sabar kuwa gunicorn ko makamancinsa, wato abin da yake gudanar da manhajar, yana iya yin kwanaki bai motsa ba.

Maganin shi ne ka miƙa wa Django fankshin ɗin kansa, ka bar masa kiransa a duk sanda ya buƙata:

```python
class Dalibi(models.Model):
    suna = models.CharField(max_length=120)
    ranar_rajista = models.DateField(default=timezone.localdate)
```

Ka lura babu baka biyu. Kamar ka ba mutum agogo ne ya riƙe, maimakon ka faɗa masa ƙarfe nawa sau ɗaya ka tafi. Da ma Django ya yi ƙoƙarin jan kunnenka: yana fitar da gargaɗi mai lamba `fields.W161` idan ya ga an daskarar da rana a `default`, kuma na tabbata ka lura duk sanda ka kira `makemigrations` sai ya haifo sabon fayil na maigireshan, wato mai sauya tsarin tebur, ko ba ka taɓa komai ba, domin a wurinsa ƙimar ta canza. Ka riƙa karanta waɗannan rubuce-rubucen da suke fitowa kafin sabar ta tashi, ba don ado aka sa su ba.

Na canza maka `now` zuwa `localdate` da gangan. Gurbinka na rana ne kawai, babu sa'a a ciki, kuma `localdate` ranar yankin da ka saita take bayarwa. To amma sai ka saita ɗin. Sabon aikin Django yana zuwa ne da `TIME_ZONE = "UTC"`, mu kuma a Najeriya da Nijar mun riga wannan agogon da sa'a ɗaya. Ka mayar da shi `Africa/Lagos`, ko `Africa/Niamey` idan a can makarantar take. In ba haka ba, duk abin da aka shigar tsakanin sha biyun dare da ƙarfe ɗaya zai faɗa cikin lissafin jiya. Za ka ce wa zai yi rajista a wannan lokacin? Iyaye suna yi, da zarar ka buɗe musu fom ɗin a waya, musamman daren ranar da za a rufe.

Akwai `auto_now_add=True` ma, kuma za ka gan shi a darussa da yawa. Ban ba ka shawarar sa shi a ranar rajista ba. Shi yana ɓoye gurbin daga fom gaba ɗaya, kuma ko ka ba shi wata rana da hannunka, a lokacin adanawa na farko sai ya shafe ta ya sa tasa. Ranar da aka ɗauke wuta aka yi rajista a littafi, washegari magatakarda ya zauna shigarwa, zai so ya rubuta ranar jiya, kuma hanya ta toshe. Wurin da ya dace da shi shi ne wani gurbi daban, mai ajiye lokacin da bayanin ya shiga kwamfuta, wanda ba a son kowa ya taɓa. Ka yi guraben biyu, ba su da tsada.

Wannan doka ta baka biyu ba a rana kaɗai ta tsaya ba. Idan kana da `JSONField`, `default=dict` ko `default=list` ake rubutawa; in ka sa `{}` kai tsaye, duk ɗaliban za su yi tarayya a kwano ɗaya, abin da aka zuba wa wannan ya bayyana a wurin wancan. Haka `uuid.uuid4`, ba a kiransa. Idan ƙimar tana buƙatar ɗan lissafi, kamar ranar ƙarewar rajista bayan kwana 90, rubuta ƙaramin fankshin mai suna a saman fayil ɗin ka miƙa sunansa. `lambda` ba ta yi, domin Django ba ya iya rubuta ta a cikin fayil ɗin maigireshan.

Yanzu sai batun 5000, kuma nan ne gizo yake saƙar.

`initial` ba ya adana komai. Aikinsa ɗaya ne: idan an buɗe fom a karon farko, ya rubuta wani abu a gurbin don mai cikewa ya tarar. Da zarar an danna maɓallin aikawa, an gama da shi, Django abin da burauza ta kawo kawai yake dubawa. Magatakarda ya goge gurbin, burauza ta kawo wofi, gurbin kuma na dole ne, sai fom ya ƙi. Daidai ya yi. Kuma ko da a model ka sa `default=5000`, sakamakon ɗaya ne, domin abin da `ModelForm` yake yi da `default` shi ne ya kwafe shi ya mai da shi `initial` na gurbin. Samun `default` ba ya ɗauke wa gurbi zama na dole; `blank=True` ne yake yin wannan.

Sai ka ce to bari in sa `blank=True` in huta. Ka ɗan dakata. Akwai bambanci tsakanin gurbin da bai zo ba sam a cikin abin da burauza ta aiko, da gurbin da ya zo amma babu komai a cikinsa. A na farkon, `ModelForm` yana ƙyale `default` na model ya tsaya. A na biyun kuwa yana ɗauka mutum ne ya ce a bar shi wofi da gangan, sai ya bi maganarsa. Idan gurbin rubutu ne, wofin za a adana. Idan na lamba ne irin naka, wofin yana komawa `None`, fom ya wuce lafiya, sannan a wurin adanawa rumbun bayanai ya ce wannan shafi ba ya karɓar wofi, manhajar ta faɗi da `IntegrityError` a gaban magatakarda da uban yaro. Ka ga an gudu ba a tsira ba.

Idan da gaske kana so gurbin da aka goge ya koma 5000, sai ka faɗa da bakinka a cikin fom:

```python
def clean_kudi(self):
    kudi = self.cleaned_data.get("kudi")
    if kudi is None:
        return Dalibi._meta.get_field("kudi").get_default()
    return kudi
```

Don Allah ka rubuta `is None` kamar yadda na rubuta. Da yawa suna gajarce shi su sa `return kudi or 5000`, kuma a Python sifili da wofi duk ɗaya suke a gaban `or`. Na taɓa gyara wata manhaja da aka yi wa wannan gajartawar. Makarantar tana yafe wa marayu kuɗi, magatakarda yana rubuta 0 kamar yadda aka umarce shi, manhajar kuma a ɓoye tana mayar da shi cikakken kuɗi. Ba a farga ba sai da aka buga takardun bashi na ƙarshen zango aka raba wa yara, wata uwa ta zo da takardar a hannu tana tambayar ko an janye alfarmar da aka yi wa ɗanta ne. Kalma ɗaya ce a cikin kod ta jawo mata wannan tafiya da wannan fargaba.

Ni a ra'ayina ma, ka bar gurbin kuɗi na dole yadda yake. Ƙin da fom ya yi alheri ne. Wanda ya goge adadin kuɗi bai rubuta wani ba, ko dai ya manta ne ko yana nufin sifili, kuma babu yadda za ka san wanne ne daga inda kake zaune. Tambayarsa ta fi yi masa zato.

Wani abu kuma game da 5000 ɗin: kuɗin makaranta ba ya zama wuri ɗaya. Idan ka binne shi a `models.py`, duk ranar da kwamiti ya ƙara kuɗi sai an nemo ka, ka gyara kod, ka yi maigireshan, ka sake ɗorawa. Ka yi ƙaramin tebur na zangon karatu da kuɗinsa wanda shugaban makaranta zai iya gyarawa da kansa, sannan ka ɗauko adadin daga can a cikin `views.py`:

```python
class SabonDalibi(LoginRequiredMixin, CreateView):
    model = Dalibi
    form_class = DalibiForm

    def get_initial(self):
        farko = super().get_initial()
        farko["kudi"] = Zango.na_yanzu().kudin_rajista
        return farko

    def form_valid(self, form):
        form.instance.mai_shigarwa = self.request.user
        return super().form_valid(form)
```

`na_yanzu` kai za ka rubuta shi, ya dawo maka da zangon da ake ciki. Ka kiyaye kada ka sa wannan `get_initial` a shafin gyara bayanin tsohon ɗalibi. `initial` da aka miƙa wa fom yana rinjayar abin da yake ajiye a rumbu wurin nunawa. Magatakarda zai buɗe don ya gyara harafi ɗaya a sunan yaro, ya tarar da kuɗin bana zaune a gurbin kuɗin bara, ya adana bai lura ba, tarihin biyan ya gurɓace. Haka nan idan ka miƙa wa fom `instance`, wato ɗalibin da yake ajiye a rumbu, rubuta `self.fields["kudi"].initial` a cikin `__init__` ba zai yi tasiri ba, sai dai `self.initial["kudi"]`; mutane suna ɓata yini guda a kan wannan.

Kod ɗin nan na sama ya riga ya amsa tambayarka ta uku. Model bai san wanda ya shiga manhaja ba, bai ma san akwai burauza a duniya ba, don haka babu `default` da zai kawo maka sunan ma'aikaci. Inda aka san shi shi ne `views.py`. Ka cire `mai_shigarwa` daga jerin `fields` na fom ɗin gaba ɗaya, ka cike shi a `form_valid`. Kada ka yarda da dabarar sa shi a ɓoyayyen gurbi mai `initial`. Abin da yake ɓoye a shafi ba a ɓoye yake ga mai burauza ba. Duk wanda ya iya danna dama ya buɗe kod ɗin shafin zai canza lambar ya jingina aikinsa ga abokin aikinsa. A wurin da ake karɓar kuɗi wannan ba ƙaramin abu ba ne. Idan kana so a ga sunan amma kada a taɓa, `disabled=True` a kan gurbin fom yana sa Django ya yi watsi da duk abin da aka aiko ya riƙe na farkon. A shafin admin kuwa `save_model` ne wurin wannan aiki, `get_changeform_initial_data` kuma shi ne takwaran `get_initial`.

Akwai tarko biyu da ba ka tambaya ba amma suna gabanka. Na farko akwatin da ake sa wa alama. A ƙa'idar HTML, akwatin da ba a sa wa alama ba burauza ba ta aiko shi kwata-kwata, don haka Django ba shi da hanyar bambance wanda aka cire wa alama da wanda ba a ma nuna ba. Duka biyun `False` ne a wurinsa. Ka ce kana da `yana_karatu = BooleanField(default=True)`, ka sa shi a `fields`, amma da kake zana shafin da hannu ka manta ba ka fito da akwatin ba. Duk ɗalibin da aka shigar zai shiga a matsayin wanda ya bar makaranta, alhali `default=True` yana nan a rubuce kana kallonsa. Gurbin da ba za ka nuna ba, ka cire shi daga `fields`, sai `default` ya yi aikinsa. Na biyu yana cikin `formset`, wato inda ake jera fom da yawa a shafi ɗaya, kamar ɗaukar halartar aji. Ƙarin layin da ba a canza komai a cikinsa ba, Django yana ɗaukarsa a matsayin wanda ba a cike ba, sai ya tsallake shi. Idan ka riga ka cike komai da `initial`, malami ya duba ya ga daidai ne ya aika, ba a adana ko ɗaya ba.

Saura na ukun cikin masu cike gurbin da na lissafa a farko, wato rumbun bayanai. Mutane da yawa suna zaton `default` yana sauka har cikin tebur. Ba ya sauka. A Python yake zaune, kuma ko lokacin da maigireshan ya ƙara sabon shafi a tebur, Django yana amfani da shi ya cike tsoffin layuka ne kawai, sannan ya cire shi daga rumbun. Wanda ya zo daga Rails, takwaran Django na yaren Ruby, yakan yi mamakin wannan, don can an saba rubuta shi a tebur ɗin kansa. Muddin ta hanyar Django kaɗai ake shigar da bayani, babu damuwa. Ranar da wani ya zuba tsoffin ɗalibai daga Excel kai tsaye da SQL, ko wata manhaja ta daban ta fara rubutu a tebur ɗin, sai a ga guraben ba su cika ba. Tun daga Django 5.0, wanda ya fito a Disambar 2023, akwai `db_default` don wannan buƙata, misali `db_default=Now()`. Kana iya haɗa su biyun a gurbi ɗaya: `default` ya yi aiki a cikin Python, `db_default` ya tare abin da ya biyo ta bayan gida. A manhaja irin taka ba dole ba ne yanzu, amma ka san da shi.

Tunda tebur ɗinka ya riga ya ɗauki ɗalibai, nan gaba idan ka ƙara gurbi na dole `makemigrations` zai tsaya ya tambaye ka me za a sa wa tsoffin layuka. Kada ka buga duk abin da ya zo hannu don ya ƙyale ka, domin abin da ka buga shi zai zauna a kan kowane tsohon ɗalibi. Idan kuma sabon gurbin mai `unique=True` ne da `default=uuid.uuid4`, sau ɗaya ake kiran fankshin ɗin a ba kowa amsa ɗaya, sai maigireshan ya faɗi. Ana raba shi uku ne: a ƙara gurbin da `null=True`, a bi layukan ɗaya bayan ɗaya a cike, sannan a ɗora sharaɗin.

Ka ba ni dama in ƙara maka abin da ya fi damuna a wannan babi, ko da yake ba kuskuren kod ba ne. Duk abin da ka cike wa mutum, da sunansa za a adana shi, kamar shi ya faɗa. Magatakarda da iyaye suka yi wa layi a bakin taga, idonsa a kan guraben da suke wofi yake. Wanda ya tarar a cike, wucewa yake yi. Ga kuma yadda Django yake: gurbi mai `choices` idan na dole ne kuma ka ba shi `default`, layin nan na farko mai ɗigon zane da yake nuna ba a zaɓi komai ba sai ya ɓace, ba sauran abin da zai tsayar da mai cikewa. Na ga rajistar da aka sa wa jinsi `default` na namiji, aka wayi gari ajin 'yan mata cike da maza a kwamfuta. Na ga wadda aka cike wa ranar haihuwa 1 ga Janairu, daga baya aka rasa gane wanda aka haifa a ranar da gaske da wanda ba a tambaya ba. Wofi ana iya nemo shi da tambaya ɗaya a rumbu a bi a cike. Amsar ƙarya da ta yi kama da gaskiya kuwa ba ta da alama. Saboda haka jinsi, ranar haihuwa, ajin da za a sa yaro, da dangantakarsa da wanda ya kawo shi, ka bar su wofi, na dole su zama na dole, wanda ba a sani ba kuma ka ba shi `null=True` ko zaɓin "ba a sani ba". Ranar yau, zangon da ake ciki, jihar da makarantar take idan kusan duk ɗaliban 'yan garin ne, waɗannan cike su taimako ne ga mai aiki.

Game da ɗaliban da suka riga suka ɗauki gurɓatacciyar rana: gyaran `default` ba zai koma baya ya gyara su ba. Ka cire baka biyun yau, ka yi maigireshan, ka sake tayar da sabar, ka shigar da ɗalibin gwaji yau da wani gobe ba tare da ka taɓa sabar ba, ka ga ko ranakun sun bambanta. Sannan ka tace duk waɗanda aka shigar tun ranar da ka ɗora manhajar, ka bugo sunayensu a takarda, ka zauna da magatakarda da kwafin rasit ko littafin rajista ku bi su ɗaya bayan ɗaya. Idan ta shafin admin aka shigar da su, tebur ɗin `django_admin_log` yana ajiye lokacin da aka ƙara kowanne, daga can za ka iya ɗauko ranakun. Ka kwafi rumbun ka ajiye gefe kafin ka fara gyaran.